Idan Lantarki Ya Ɗauke Jirgi Yana Sama

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da wakilan ƙananan ikkilisiyoyi a taron zumunta. Wurin karatu: Ayyukan Manzanni sura 27.

 

An roƙe mu, mu da muke aiki a wajen ƙananan jiragen sama, mu yi magana a kan abin da matuƙi yake yi idan lantarkin jirgi ya lalace yana cikin tafiya. Wani zai ce, ina ruwan dattijon ƙauye da wannan? Da ruwansa. Ƙaramin jirgi ba baƙo ba ne a aikin bishara a ƙasashenmu. An kafa ƙungiyar MAF a 1945, kuma wadda ta fara tuƙa mata jirgi mace ce, Betty Greene, a 1946 a ƙasar Meziko. Daga baya ta yi aiki a Nijeriya da Sudan. MAF ta shiga Cadi a 1966. Jiragen mishan na SIM sun yi shekaru suna tashi daga Jos, daga baya kuma daga Yamai, suna kai likitoci da marasa lafiya asibitin Galmi wanda aka buɗe a 1950. A cikinku akwai wanda aka taɓa ɗaukar matarsa a irin wannan jirgi tana naƙuda, akwai wanda ikkilisiyarsa ce take share filin sauka. Saboda haka maganar ta shafe mu ta fuska biyu: ta shafi ran fasinja, ta kuma ba mu abin tunani a kan riƙon ikkilisiya. Za mu fara da jirgin.

1. Abin da yake mutuwa da abin da ba ya mutuwa

Yawancin mutane suna tsammani da zarar lantarki ya ɗauke sai inji ya tsaya, jirgi ya faɗo kamar dutse. Ba haka aka gina waɗannan jirage ba. Ku tuna da injin ban-ruwa na fadama, ko ƙaramin janareta na shago. Ba su da batir, amma da an ja igiya sai su tashi, su yi ta aiki har mai ya ƙare. Dalili shi ne suna da magineto, wato maganaɗisu mai juyawa tare da inji, wanda yake haifar da tartsatsin da fulogi yake bukata. Injin ƙaramin jirgi mai farfela, irin su Cessna 172 da Cessna 206, haka yake. Har ma an ninka masa: magineto biyu ne, kowace silinda kuma tana da fulogi biyu, ɗaya na wannan magineto, ɗaya na wancan. Shi ya sa kafin tashi za ku ga matuƙi ya tsaya a bakin fili, ya ƙara wa inji wuta, ya murɗa makulli hagu da dama. Yana gwada kowane magineto shi kaɗai ne, ya tabbata ko ɗaya ya gaza ɗayan zai riƙe.

To, mene ne aikin lantarkin? Jirgi yana da batir, yana da altaneta kamar ta mota, wadda inji yake juyawa, a wasu jiragen da bel, tana ba da wuta tana kuma cajin batir. Tsofaffin jirage suna aiki da bolt 14 kamar mota, na baya-bayan nan da yawa bolt 28. Daga nan ne rediyo yake sha, da fitilu, da na'urar da take nuna wa masu hasumiya inda jirgi yake, da GPS, da agogon mai, da ƙaramar motar da take sauke leɓen fiffike lokacin sauka. Idan lantarki ya ƙare, waɗannan duka sun tafi.

Ga kuma abin da ya rage. Inji yana aiki. Sitiyari da fedoji suna aiki, domin wayoyin ƙarfe ne suke jan fiffike da wutsiya, ba ruwansu da batir. A jirgi mai agogo irin na da, agogon gudu da agogon tsawo da iskar waje suke aiki. Kamfas yana aiki da maganaɗisun duniya. Idon matuƙi da taswirarsa da agogon hannunsa suna nan. Wato abin da yake riƙe jirgi a sama bai taɓu ba. Abin da aka rasa shi ne baki da kunne da fitila.

Sai dai mu ƙara wani abu domin gaskiya ta cika. Akwai sababbin jirage waɗanda kwamfuta ce take sarrafa injinsu, akwai kuma waɗanda aka maye agogunansu da allon gilashi kamar na talabijin. Waɗannan suna bukatar lantarki ƙwarai, shi ya sa ake sa musu batir na biyu na ko-ta-kwana. Dole matuƙi ya san irin jirgin da yake ciki tun yana ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Lalacewar ba ta yin ƙara

Sau da yawa altaneta ce take fara gazawa. Bel ya tsinke, ko waya ta kwance saboda girgiza, ko na'urar da take daidaita ƙarfin wuta ta ga ya yi yawa ta yanke. Lokacin da haka ta faru, ba a jin kome. Rediyo yana magana, fitilu suna ci, domin batir ya karɓi kayan duka a kansa ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Shaida biyu kaɗai ake da su: allurar agogon caji ta karkata zuwa gefen da yake nuna ana zuƙar batir, da wata 'yar jar fitila mai gargaɗin ƙarancin wuta. A jirgi mai bolt 28, ma'aunin zai sauko wajen 24, daga nan ya yi ta raguwa.

Abin da ake koya wa matuƙa shi ne kada su sa rai batir zai wuce kamar minti 30, shi ma idan lafiyayye ne kuma cike yake. Ku lura da wannan da kyau: ƙidayar tana farawa daga lokacin da altaneta ta mutu, ko matuƙi ya gani ko bai gani ba. Wanda yake duba agogon caji a kai a kai yana da minti 30 ɗinsa cur. Wanda bai duba ba sai da muryar rediyo ta fara shaƙewa, lambobi suka fara dusashewa, ya riga ya cinye rabonsa bai sani ba. Irin waɗannan jirage suna cin kilomita 200 zuwa 250 a awa. Minti 30 ke nan kilomita ɗari da 'yan kai. Daga Yamai zuwa Galmi ta hanyar mota kusan kilomita 500 ne. Kun ga ashe batir kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen doguwar tafiya.

3. Matakai bi da bi

Kowane jirgi yana da littafinsa, akwai kuma takardar jerin matakai wadda take kusa da hannun matuƙi kullum. Ba a dogara da ƙwaƙwalwa a lokacin firgita. Amma a kan dukan matakan akwai doka ɗaya da ake cusa wa ɗalibi tun ranar farko: ka fara tuƙa jirgin, sa'an nan ka san inda za ka, sa'an nan ka yi magana. Ba a juya wannan jeri.

Ga abin da ya sa. A daren 29 ga Disamba 1972, wani babban jirgin fasinja ya taso daga New York zai sauka Miami a Amurka. Da suka sauke ƙafafun jirgin, koriyar fitilar da take nuna ƙafar gaba ta kafu ba ta kama ba. Sai suka fasa sauka, suka koma zagaye, dukan waɗanda suke gaba suka duƙufa a kan wannan fitila. Ba wanda ya lura cewa na'urar da take riƙe tsawon jirgin ta saki, jirgi yana ta sauka a hankali cikin duhu, har ya faɗa cikin fadamar Everglades. Mutum 101 suka rasu. Da aka bincika, ƙafar lafiyarta ƙalau, ƙwan fitila ne ya ƙone. Jirgi mai lafiya, injuna masu lafiya, matuƙa masu ƙwarewa, amma kowa ya bar tuƙi ya koma gyaran ƙwai. Har yau ana koyar da wannan labari a makarantun tuƙin jirgi.

Saboda haka matuƙin kirki, da ya ga jar fitila, sai ya fara daidaita jirginsa, ya duba tsawo, ya duba waje. Bayan haka ya ɗauki takarda.

Mataki na farko, ya gwada tayar da altaneta sau ɗaya. Ya kashe rediyo da sauran na'urori masu laushi, ya duba maɓallin kariya na altaneta, ya kashe babban makunni ya sake kunnawa. Wani lokaci ƙaramin tsalle ne na wuta ya sa ta yanke, sai ta dawo. Idan jar fitilar ta sake kamawa, magana ta ƙare. Ya kashe gefen altaneta gaba ɗaya, domin matacciyar altaneta da aka bari a kunne ita ma tana shan batir.

Mataki na biyu, ya rage kaya. Babbar fitilar sauka tana shan wuta da yawa, haka abin ɗumama bututun ma'aunin gudu, haka fanka, haka rediyo na biyu. Duk abin da ba dole ba sai a kashe. A bar rediyo ɗaya, shi ma a rage surutu, domin aika magana ya fi sauraro cin batir nesa ba kusa ba.

Mataki na uku, ya yi magana tun yana da murya. Ya gaya wa hasumiya ko ofishinsu: ga ni a wuri kaza, altaneta ta mutu, zan sauka a fili kaza da ƙarfe kaza, wataƙila ba za ku ƙara jina ba. Wannan 'yar magana ta rabin minti ta fi kome daraja, domin ita ce za ta sa a share masa hanya, a kuma san inda za a neme shi. Akwai lambobin da duniya duka ta yarda da su: 7600 a na'urar nuna jirgi yana nufin rediyona ya mutu, 7700 yana nufin ina cikin hatsari. Akwai kuma zangon rediyo na 121.5 wanda aka keɓe domin neman agaji. Amma duk waɗannan sai da sauran wuta a batir suke aiki.

Mataki na huɗu, ya sauya shiri. Inda aka nufa da safe ba shi ne abin tambaya ba yanzu. Abin tambaya shi ne, wane fili ne mafi kusa mai kyau, inda sama take a buɗe, inda za a isa da sauran rana? Da rana tsaka, sama garau, mutuwar lantarki damuwa ce kawai. Da dare, ko cikin gajimare, ko cikin ƙurar hunturu mai kauri wadda take rufe ƙasa, tana iya zama maganar rai da mutuwa. Matuƙin da ya ce bari in lallaɓa in ƙarasa, ai saura awa ɗaya, yana sayen wahala da kuɗinsa.

4. Idan aka ji ƙauri

A Hausa kalma ɗaya muke kiran lantarki da gobara, wato wuta. A cikin jirgi kuwa tsakaninsu bai wuce kaurin robar waya ba. Idan aka ji ƙaurin roba, ko aka ga hayaƙi yana fitowa daga bayan agoguna, babu sauran maganar tattalin batir. Matuƙi zai kashe babban makunni nan take, da hannunsa zai jefa jirgin cikin shiru. Zai rufe kafofin iska domin kada su hura wutar, ya yi amfani da tukunyar kashe gobara idan ya ga harshen wuta, sa'an nan ya buɗe iska bayan ta mutu domin a sami numfashi. Makullin magineto kaɗai ba ya taɓawa, domin inji ya ci gaba. Daga nan sai neman ƙasa da gaggawa.

A nan ne maganar maɓallan kariya take shigowa. Kowace na'ura tana da nata, aikinsu ɗaya da fiyus na gida, sai dai su ba sa ƙonewa, tsalle suke yi su fito waje idan wuta ta yi yawa a wayar. Hannun mutum yana ƙaiƙayin ya danna shi ya koma. Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ake koyarwa shi ne: idan na'urar ba dole ba ce, a bar shi a waje har a sauka. Idan dole ce, a jira ya huce, a danna sau ɗaya tak. Ya sake fitowa, an gama. Idan kuwa da ƙauri, ko sau ɗayan ma ba a yi.

A ranar 9 ga Yuli 2007, a jihar Florida ta Amurka, matuƙin wani ƙaramin jirgi mai inji biyu, Cessna 310, ya ga na'urar duba hadari ta ɗauke, ya kuma ji ƙauri. Ya kashe ta, ya zare maɓallin kariyarta, ƙaurin ya tsaya, ya sauka lafiya, ya rubuta rahoto. Ba a gyara ba. Kashegari waɗansu matuƙa biyu suka ɗauki jirgin daga Daytona Beach. Masu bincike sun ce ga dukan alamu an mayar da maɓallin kamar yadda aka saba yi kafin tashi. Bayan kamar minti goma suka kira suna cewa hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi. Ba su kai filin Sanford ba, suka faɗa kan gidajen mutane. Su biyun suka rasu, da mutum uku a ƙasa. Na farko ya yi daidai, ya ma bar shaida a rubuce. Abin da ya kashe mutane shi ne gargaɗin da aka gani aka wuce.

5. Komawa gida ba baki ba kunne

Bari mu ce batir ya ƙare sarai. Matuƙi ya koma irin tuƙin mutanen farko: kamfas, agogo, taswira, da ido. Ya san gudunsa, ya san minti nawa ya yi, saboda haka ya san kusan inda yake. Yana bin kwalta, ko kogi, ko layin dogo, yana gane gari da dutsensa ko tafkinsa. Agogon mai ya mutu, amma ya auna man da sanda kafin tashi, ya san abin da inji yake sha a awa, sai ya yi lissafi. A zamanin yau matuƙa da yawa suna riƙe da oba-oba mai batirinsa, da wayar hannu ko allon hannu mai taswira, da tocila. Masu hikima suna rubuta lambar wayar hasumiya a takarda tun kafin su tashi.

Idan ya iso babban fili mai hasumiya ba rediyo, akwai yaren fitila wanda aka shirya tun da daɗewa domin irin wannan rana. Mai hasumiya yana da fitila mai ƙarfi da yake haska jirgin da ita. Kore tsayayye: sauka. Ja tsayayye: ba wani hanya, ci gaba da zagaye. Kore mai ƙyaftawa: dawo ka shirya sauka. Ja mai ƙyaftawa: filin ba lafiya, kada ka sauka. Matuƙi kuma yana amsawa da rana ta wurin kaɗa fikafikansa. Ba wanda ya ji muryar wani, amma sun fahimci juna, domin sun koyi abu ɗaya tun kafin ranar.

Saukar ma takan bambanta. A jirage irin Cessna 206 leɓen fiffike da lantarki yake sauka, shi ne yake ba jirgi damar tahowa a hankali. In babu shi, jirgi zai taho da gudu fiye da yadda aka saba, zai kuma ci fili mai tsawo kafin ya tsaya. Jirgin da ƙafafunsa suke naɗewa yana da hanyar sauke su da hannu. Duk waɗannan ana gwada su a lokacin horo, sau da yawa, har su zama jiki.

6. Abin da ya rataya a kanku

Idan kuna cikin jirgi kuka ga matuƙi yana kashe abubuwa, ko abin kunnen da kuke jin maganarsa ya yi shiru, ku saurari inji. Muddin yana ruri, jirgi yana tafiya. Kada ku kama hannunsa, kada ku yi ta tambaya. Idan kun ji ƙauri, ku taɓa kafaɗarsa ku nuna masa nan da nan, domin wani lokaci na baya yakan riga na gaba ji. Idan ya ba ku tocila ko taswira ku riƙe, ku riƙe. Ku ɗaure bel, ku kwantar da yara, ku yi addu'a a zuci. Idan kuma ya sauke ku a garin da ba nan kuka nufa ba, kada ku yi gunaguni. Ya yi aikinsa ke nan.

Ku da kuke lura da filayen ƙauye, ku sani jirgi yana iya zuwa ba sanarwa, a ranar da ba ku zata ba. Idan kuka ga ya zagaya ƙasa-ƙasa yana kaɗa fiffike, ku kori awaki da shanu, ku janye yara. Ku share filin tun daga wannan baki har wancan, domin ƙarshen da kuka bari ciyawa da gidan gara suka cinye, kuna cewa ai jirgi ba ya kaiwa nan, shi ne wanda mai saukowa ba leɓen fiffike zai bukata. Kuma ko jirgi yana tsaye, kome a kashe, kada kowa ya taɓa farfela. Mun ce magineto ba ya bukatar batir. Idan wayar da take kashe shi ta tsinke, juya farfela kaɗan da hannu yana iya tayar da inji. Ku faɗa wa yara wannan a makarantar Lahadi.

7. Abin da muka gani a ciki domin ikkilisiya

Yanzu mu koma wurin karatunmu. Jirgin da Bulus ya shiga na ruwa ne, amma matakan da Luka ya rubuta sun yi kama da waɗanda muka lissafta. An yi gargaɗi tun a Karita, jarumin soja ya fi yarda da matuƙi da mai jirgin, aka tashi. Da guguwa ta kama su, suka zubar da kaya, a rana ta uku suka zubar da kayan aikin jirgin da hannunsu. Kwanaki da yawa ba rana ba taurari, wato abin da suke gane hanya da shi ya ɗauke. A dare na goma sha huɗu suka koma auna zurfin ruwa da igiya, suka sami gaba ashirin, suka sake aunawa suka sami goma sha biyar. Bulus ya hana ma'aikatan jirgin gudu, ya sa kowa ya ci abinci. Mutum 276 ne a ciki, kuma dukansu suka kai gaci a tsibirin Malita. Allah ya yi alkawarin rayukansu, duk da haka sai da suka auna, suka zubar, suka saki anka, suka yi iyo. Bangaskiya ba ta hana su aiki ba.

Yawancin ikkilisiyoyinmu ƙanana ne, a wuraren da mu kaɗan ne. Muna da abubuwan da suke zama mana kamar altaneta: taimakon da yake zuwa daga hedkwata ko daga abokai na nesa, fasto mai albashi, ɗan'uwa ɗaya ma'aikacin gwamnati wanda zakkarsa take riƙe rabin kasafi, ginin da aka ba mu izini. Waɗannan alheri ne, muna gode wa Allah dominsu. Amma kowannensu yana iya ɗaukewa. Ana yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, mishan yana komawa gida, rikici yana tashi a rufe hanya, a wasu wurare an ƙone ginin ma. A ranar nan dattawa sukan ji kamar ikkilisiya ta mutu. Ba ta mutu ba. Maganar Allah da take bakin tsohuwar da ta haddace ta, da addu'ar gida-gida, da Ruhu Mai Tsarki wanda yake cikin masu bi, ba daga wancan layi suke shan wuta ba. Ikkilisiyoyi da yawa da muke cikinsu yau a ƙarƙashin itace aka fara su, da mai bishara ɗaya da yake noma da hannunsa.

Saboda haka muna roƙon dattawa abubuwa huɗu.

Ku riƙa duba agogon caji. Littafin ma'aji da littafin masu zuwa sujada su ne agogunanku. Idan wata shida ana kashe fiye da abin da yake shigowa, kuna kan batir ne, ko da fitilu suna ci. Idan matasa sun daina zuwa ɗaya bayan ɗaya, kada ku jira sai benci ya zama wayam. A karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, a kan lokaci.

Ku iya rage kaya. Idan ƙarfi ya ragu, majalisa ta zauna ta rubuta abin da yake dole da abin da yake ado. Sujada, koyar da yara, ziyarar marasa lafiya, abincin gwauraye da marayu, hakkin mai bishara, waɗannan su ne rediyo ɗaya da ake bari a kunne. Sabon anko, manyan lasifikoki, bikin da za a ci bashi dominsa, ginin da ya fi ƙarfinmu, suna iya jira. Ikkilisiyar da ta ƙi kashe kome saboda kunya, kome zai mutu mata lokaci ɗaya.

Kada ku danna maɓallin da ya yi tsalle ba ku bincika ba. Idan kuɗi ya ɓace a hannun mutum, ko mata suka kawo ƙara a kan wani shugaba, ko rigima ɗaya tana ta dawowa tsakanin gida biyu, wannan ƙauri ne. A ce a yi haƙuri a mayar da kome yadda yake, ba tare da an buɗe an ga wayar da ta ƙone ba, shi ne a miƙa wa na gaba jirgi mai gobara a ciki. Wanda ya kawo gargaɗi ba maƙiyi ba ne. Gafara tana nan, amma gyara ma yana nan.

Ku yi magana tun kuna da murya, kuma kada ku bar tuƙi. Ku sanar da ikkilisiyoyi maƙwabta da shugabannin tarayya halin da kuke ciki tun abu bai ƙazanta ba. Ku san maƙwabtanku waɗanda ba addininku ɗaya ba, da mai unguwa da dagaci, tun ana zaman lafiya, domin ranar da waya ta ɗauke, fahimtar da aka gina tun da ce take aiki. Ku horar da mutum biyu ko uku waɗanda za su iya bi da sujada su buɗe Littafi Mai Tsarki idan fasto ba ya nan, kamar yadda aka ba inji magineto biyu. Kuma kada majalisa duka ta duƙufa wata uku a kan gardamar kujera ko launin fenti, garken kuwa yana sauka a hankali ba mai dubawa.

'Yan'uwa, matuƙan da suka daɗe a aiki ba su fi sauran ƙarfin zuciya ba. Sun dai san jirginsu, sun yi gwajin ranar wahala tun ba ta zo ba, shi ya sa hannunsu ba ya rawa. Muna roƙo kowace majalisa, idan kun koma gida, ku ɗauki zama ɗaya ku tambayi kanku: idan abin da muka fi dogara da shi ya ɗauke a wannan shekara, me za mu kashe, me za mu bari, wa za mu kira, wa zai tsaya a gaba? Ku rubuta amsar a takarda, ku ajiye ta inda hannu zai kai.

Ku kuma riƙa tunawa da matuƙa da makanikai na jiragen mishan cikin addu'o'inku, da iyalansu, da marasa lafiyan da suke ɗauka.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba dattawanmu hikima, ya riƙe ƙananan ikkilisiyoyinsa a duk inda suke. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.